Kafin ka buga kwashaniya ɗari huɗu, zauna mu yi magana

Jiya bayan la'asar wani ƙanena da ke ajin ƙarshe a sashen nazarin zamantakewa ya same ni a gida nan Mabera cikin garin Sakkwato, laftof a hammata, fuska duk a murtuke, wai sufabaiza, malamin da ke duba furojet ɗinsa, ya dawo masa da babi na uku har sau biyu, ya ja masa layi da jan biro ya ce bai faɗi dalilin da ya sa ya zaɓi hanyar binciken da ya zaɓa ba. Na ce to kai me ya sa ka zaɓe ta? Ya ce "Yaya ai ita kowa ke yi." Wannan amsar ce ta hana ni barci da wuri, don ni ma da bakina na taɓa ba da irinta, kuma na san abin da ta jawo mini.

Furojet ɗinsa a kan dalilan da ke sa 'yan mata barin makaranta bayan aji uku na ƙaramar sakandare ne. Take mai kyau wallahi, abu ne da ke cin ran kowa a garin nan. Amma shirin da ya yi shi ne ya haɗa tambayoyi ashirin da biyar da Turanci a Google Forms, ya watsa a gurof-gurof na WhatsApp, ya jira mutum 400 su cike. Na tambaye shi, yarinyar da ta bar makaranta tana talla a Tsohuwar Kasuwa, ko wadda aka yi wa aure aka kai ta wani ƙauye bayan Kware, a wane gurof take? Wa zai tura mata link ɗin, da wace waya za ta buɗe, da wane Turanci za ta karanta? Waɗanda za su cike masa fom ɗin nan 'yan jami'a ne irinsa, waɗanda ba su bar makaranta ba, kenan zai tattara zaton waɗanda abin bai shafa ba ya sa masa suna sakamakon bincike.

Abin da na daɗe ina faɗa wa duk wanda ya zo wurina da irin wannan shi ne, tambayarka ce ke zaɓar maka hanya, ba abokin ɗakinka ba, ba kuma tsohon furojet ɗin da ka samo a shagon masu buga takardu ba. In tambayarka ta "nawa" ce, mutum nawa, kashi nawa, ina ya fi yawa, ya ƙaru ko ya ragu, to kana bukatar ƙirge, kana bukatar takardar tambayoyi, wato kwashaniya, da samfur mai kyau, wato mutanen da ka zaɓo su wakilci sauran, da lissafi, wannan shi ne abin da malamai ke kira kwantitetib. In kuwa tambayarka ta "me ya sa" ce ko "ta yaya", kana son ka san yadda mutane ke ganin abin a ransu da yadda suka kai ga yanke shawara, to sai ka zauna da su, ka yi hira mai tsawo, ka sa ido ka ga yadda suke yi, shi ne kwalitetib. Babu wanda ya fi wani daraja. Mai auna hatsi da mudu yake aiki, mai son sanin ko miyar ta ji gishiri kuwa sai ya ɗanɗana.

Bari in ba ku nawa labarin, don daga nan na koyi abin da aji bai koya mini ba.

Lokacin da nake digiri na biyu na ɗauki batun manoman albasa na fadamar wajen Wurno. Abin da ke damuna shi ne me ya sa suke sayar da albasa da zarar an cire ta, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi warwas, alhali kowa ya san in ka iya riƙe ta wasu watanni kuɗinta na ninkawa. Na tsara kwashaniya tsaf, irin mai ma'aunin nan da wani masani mai suna Likert ya fito da shi tun 1932, na yarda ƙwarai, na yarda, ban da ra'ayi, ban yarda ba, ban yarda ba sam. A takarda abin gwanin sha'awa. Da na isa ƙauye na fara karanta wa wani dattijo, na ce Baba, rashin wurin ajiya ne ke sa ku sayar da wuri, ka yarda ƙwarai ko ka yarda kawai? Ya dube ni ya ce "To ɗana, hakanan ne." Na sake tambaya, ya ce "Duk yadda kac ce." Ni kuma sai in yi alama a kan na yarda. Haka na yi ta yi har kwana uku, kusan duk wanda na tambaya ya yarda da duk abin da na karanta masa, kuma ba ƙarya suke mini ba, ladabi ne, baƙo ya zo daga birni da takarda da biro, mai gari ne ya haɗa mu, wa zai tsaya yana musu da shi a gaban mutane? Na koma gida da takardu cike da amsar da ni na saka musu a baki.

Abin da ya cece ni shi ne babur ɗin da zai maido ni ya lalace ranar ta huɗu, dole na kwana. Da dare muna zaune a tabarma ana shan shayi, babu takarda a hannuna, sai hira ta ɓarke da kanta. Nan na ji cewa da yawansu suna da rudu, wato wurin ajiyar albasa, sun san yadda ake ajiyar albasa tun kakanni, sun san wadda ke ruɓewa da wadda ke jurewa. Matsalar ita ce albasar tun tana ƙasa ba tasu ba ce gaba ɗaya. Wani ya karɓi kuɗin man injin ban ruwa a hannun dillali, wani taki, wani iri, da alkawarin in an cire shi za a kai wa, kuma wanda ya saɓa bana ba zai samu baɗi ba. Ga bikin ɗiya da aka sa bayan cirar albasa, ga bashin mai shago. Wani matashi ya ce mini "Malam, ba mu munka ƙi ajiya ba, masu kuɗin ba su jira." Bashi ko sau ɗaya bai fito a cikin tambayoyina ba, don ban san da shi ba lokacin da nake rubuta su a ɗaki. Kwashaniya ba ta iya gaya maka abin da ba ka tambaya ba, iyakarta ta auna abin da ka riga ka sani.

Na yaga aikin kwana uku na sake sabo. Na yi sati biyu ina hira kawai, da manoma, da dillalai a kasuwar Achida, da direbobin da ke lodi zuwa kudu, sannan na dawo na rubuta sabbin tambayoyi da Hausa, da kalmomin da na ji a bakinsu, na gwada su a kan mutum kaɗan na gyara, sai na fita ƙirge. A karo na biyu lissafin ya yi ma'ana domin yana auna abin da ke akwai. Wannan haɗa biyun shi ake cewa gaurayen hanya, kuma ina ganin ga yawancin batutuwanmu na nan shi ya fi dacewa, sai dai yana cin lokaci da kuɗin mota, wanda ya rage masa wata biyu ya yi difens, wato kare aikinsa gaban malamai, gara ya ɗauki guda ya yi ta da kyau.

Akwai abubuwan da littattafan da muke karantawa ba za su gaya maka ba saboda ba don mu aka rubuta su ba. Ka tambayi manomi nawa yake samu a wata, ai ba albashi yake ɗauka ba, kuɗinsa na zuwa ne sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma ko ya sani ba zai faɗa ba, in ya zaci daga gwamnati kake zai ji tsoron haraji, in ya zaci daga wata ƙungiya kake zai rage don kada tallafi ya wuce shi. Gara ka tambayi buhu nawa ya cire, nawa ya sayar, nawa ya bari na ci. Ka tambayi tsohuwa shekarunta, za ta ce Allah ya sani, amma in ka ce lokacin da aka kashe Sardauna a 1966 kin yi wayo? Ko lokacin rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na uku a 1988 kin yi aure? nan take za ta ba ka labari har da abin da aka dafa ranar, kai kuma ka yi lissafinka. Ga matasa ambaliyar 2010 da ta cinye gadar hanyar jami'a ta isa alama. Mace ba za ta kama sunan mijinta ba, da yawa ba za su kama sunan ɗan fari ba, wasu ma in ka ce 'ya'ya nawa sai su tsallake shi don kunya, to in kana rubuta mutanen gida ba ka san wannan ba lissafinka ya karkace tun daga layin farko. Kuma ni namiji ban isa in shiga cikin gida in zauna da matan aure ba, sai da na ɗauki ƙanwata na koya mata tambayoyin, ita ce ta gano mini cewa kuɗin adashen mata na shiga gonar albasa fiye da yadda mazan suka faɗa.

Haka tattaunawar rukuni, wadda ake tara mutum shida zuwa goma a yi hira tare. Tana da amfani sosai amma in ka haɗa dattawa da samari wuri ɗaya to dattawa kaɗai ka ji, yaro ba zai buɗe baki gaban baffansa ya ce ba haka ba ne. Raba su za ka yi, maza daban, mata daban, manya daban, kuma ka roƙi mai gari cikin ladabi, ranka shi daɗe a bar mu mu kaɗai, don in yana zaune kowa bakinsa zai duba.

Sai maganar samfur, wadda nan ne aka fi yin aika-aika. Kusan kowane furojet ka buɗe za ka ga 400 ko 384, ka tambayi mai shi daga ina, ya ce fomula ce. E, fomula ce, 400 ɗin daga ta Taro Yamane ta 1967 take fitowa idan jama'a na da yawa kuma ka yarda da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, 384 kuma daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970. Amma duka biyun an gina su ne a kan sharaɗi guda, cewa ƙuri'a ce ta zaɓo mutanen, wato kowa a cikin jama'ar yana da damar a zaɓe shi. In ka tsaya a bakin get ka miƙa wa duk wanda ya yi maka murmushi, ko ka bar mai unguwa ya kirawo maka mutanensa, sharaɗin ya rushe, ko dubu huɗu ka tara ba su wakilci kowa ba. A Amurka a 1936 wata mujalla mai suna Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Aka yi zaɓe Roosevelt ya cinye jiha 46 cikin 48. Sunayen da ta yi amfani da su daga littafin masu tarho da rajistar masu mota ta kwaso su, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka ga damar maido da amsa ma wani ɓangare ne daban. George Gallup, wani mai auna ra'ayin jama'a, da mutum kusan dubu 50 ya faɗi wanda zai ci daidai. To Google Forms a WhatsApp a jihar da ke da ƙananan hukumomi 23, mafi yawan jama'arta a karkara, ai littafin masu tarhon nan ne ya dawo da sabuwar riga.

Ga wata matsalar da ya kamata kowane ɗalibi ya rubuta ta a fili maimakon ɓoyewa. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, wadda ta ba jihar Sakkwato mutum miliyan 3.7, duk adadin da kake gani bayan nan hasashe ne aka ɗora a kanta. Unguwanni nawa aka yi a garin nan tun daga lokacin? Don haka in za ka zaɓi gidaje, ka je da ƙafarka ka zagaya unguwar ka ƙirga, ka ɗauki kowane gida na biyar ko na goma, ka rubuta yadda ka yi. In kuma akwai inda ba ka iya zuwa ba saboda tsaro, kamar wasu ƙauyukan gabas wajen Isa da Sabon Birni, ka faɗa ƙarara cewa sakamakonka bai shafe su ba. Ba wanda ya ce ka kai kanka ga halaka don digiri, amma kada ka rubuta "jihar Sakkwato" a take alhali unguwa biyu ka taka.

A ɗaya ɓangaren kuma ina jin haushin yadda ake raina aikin hira, wai mutum goma sha biyar kawai ka yi magana da su, ina teburin SPSS, manhajar nan ta lissafi? Kamar in babu kai-sukwaya, wani gwajin lissafi, ba a yi ilimi ba. Wata Baturiya mai suna Mary Smith da tsohuwa ɗaya tak ta zauna a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana rubuta labarin rayuwarta da Hausa, littafin ya fito a 1954, har yau duk mai son sanin rayuwar matan Hausa ta wancan zamani, aure da kishi da ƙawance da bauta, sai ya bi ta kansa. Malinowski, wani masanin al'adun al'umma, ya tare a tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918 ya koyi harshensu ya zauna cikinsu, daga irin aikinsa ne zama cikin mutane ana lura ya zama hanya mai zaman kanta. Nan garin namu ma Murray Last, Baturen nan masanin tarihi, a wurin Waziri Junaidu ya zauna yana bin rubuce-rubucen Larabci na masu jihadi kafin ya fitar da littafinsa kan daular Sakkwato a 1967. Ba wanda ya raba kwashaniya cikinsu. Sai dai kada a ɗauka hira sauƙi ce, hirar awa ɗaya tana iya cin maka awa biyar ko shida wurin kwafe ta a rubuce, sannan ka karanta ka sake karantawa kana ware maganganu iri-iri, kuma ba ka daina neman sabbin mutane sai ka ga abin da ake gaya maka ya fara maimaita kansa. Kuma wanda ya yi hira da mutum goma sha biyar ba shi da ikon cewa kashi kaza cikin ɗari na matan Sakkwato, wannan ba hurumin hanyarsa ba ne.

Takardun tarihi ma hanya ce da 'yan soshiyoloji da kimiyyar siyasa ke mantawa da ita, ga Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a cikin gari, ga gidan adana takardu na ƙasa da Arewa House a Kaduna. Amma su ma a karanta da ido biyu, rahoton da jami'in mulkin mallaka ya rubuta kan yawan mutanen gunduma don haraji ya rubuta shi, mutanen kuma sun san haka lokacin da ake ƙirga su.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke ɗaukar duk wannan a matsayin ilimin Turawa, alhali mu da muka tashi a zaure mun san isnadi tun muna yara. Wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, mai riwayar nan yana da riƙo ko mai mantuwa ne, akwai wata hanyar da ta ƙarfafa wannan? Ai shi ne ake nema a babi na uku. Ibn Khaldun a Muƙaddimarsa ta 1377 ya soki masu tarihi irin su Mas'udi da suka kwafo cewa rundunar Banu Isra'ila ta kai mutum dubu 600 ba tare da sun tsaya sun auna ko ƙasar za ta ɗauki wannan adadi ba. Shi ya sa abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗalibin da zai zauna a hostel da biro kala uku ya cike takardu ɗari biyu da kansa. Wannan ƙirƙirar riwaya ce, ka sa wa bayin Allah maganar da ba su yi ba, wata rana wani ya kafa hujja da aikinka, wata ƙungiya ta tsara shiri a kai, kuma mutanen da ka yi wa ƙarya su ne za su ɗanɗana. In mutum tamanin ka samu, rubuta tamanin ka bayyana dalili.

Haƙƙin waɗanda ka tambaya ma yana wuyanka. Ka gaya musu kai wane ne, ka ce ɗalibi ne ba ka raba komai, kada ka bar su da zaton suna cikin wani jerin tallafi don su saki baki. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya, wanda ya ce a'a ka rubuta da hannu, kuma sunan kowa kada ya fito a aikinka, musamman batu irin na ƙanena da ya taɓa aure da talauci da sirrin gida, ga shi wasu yaran ba su kai shekara 18 ba, sai da yardar iyaye ko miji kafin a ce musu uffan.

Mun zauna da shi har aka kira isha'i. Ya goge fom ɗin. Yanzu shirinsa shi ne ya fara zuwa makarantu uku da takardar gabatarwa daga sashensu, ya roƙi rajistar aji uku ta bara da ta aji huɗu ta bana ya ga sunaye nawa suka ɓace tsakani, wannan zai ba shi ɗan ƙirgen da yake bukata. Daga nan ya bi sawun waɗanda za a iya samu, ƙanwarmu ta shiga ta yi hira da 'yan matan da iyayensu mata, shi kuma ya zauna da iyaye maza a zaure da malaman aji, kowace hira da Hausa, a fassara daga baya. Ya ce yana tsoron sufabaiza zai ce mutanen sun yi kaɗan, na ce ya rubuta masa dalilin a shafi guda kamar yadda ya faɗa mini da baki, ya kai masa ranar Litinin kafin ya kashe ko sisi a kuɗin mota.